Ƙwaron da Ke Riƙe da Zuriyar Gamji

 

Duk mazaunin Kaduna ya san sunan gamji. Wurin shaƙatawar nan da ke bakin kogi ta wajen Kabala, ko da yake hukuma ta raɗa masa sunan Janar Hassan Usman Katsina, a bakin jama'a Ƙofar Gamji ne har gobe. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, wanda gidansa na titin Rabah ya zama Arewa House, da Gamji ake yi masa kirari. Ba banza aka zaɓi wannan itace ba, ga kaurin jiki, ga faffaɗan ganye, ga inuwar da za ta ɗauke taron unguwa guda. Amma duk girman nan nasa, gamji ba ya iya samar da ƙwayar iri ko ɗaya mai tsirowa sai da taimakon wani ɗan ƙwaro da tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, wanda kuma kwana ɗaya zuwa biyu kacal yake yi a duniya bayan ya yi fiffike. Ranar da ƙwaron nan ya ƙare, ranar irin gamji ya yanke. Raina kama ka ga gayya ke nan.

Gamji ba shi kaɗai ba ne a wannan hali. Ɓaure da cediya da durumi da uwar yara duk 'yan gida ɗaya ne da shi, gidan da masana tsirrai suke kira Ficus, mai nau'o'i sama da 750 a ƙasashe masu ɗumi. Alamarsu ita ce farin ƙaro mai danƙo da ke tsattsafowa idan an tsinki ganye. Tun a 1916 wani likita Bature da ya yi aiki a Arewa, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa cikin littafi ya haɗa su da sunayen kimiyya. A wannan gida ne kuma ɓauren ƙasashen Sham yake, wanda Allah ya yi rantsuwa da shi a sura ta 95 ta Alƙur'ani mai girma, surar da take ɗauke da sunansa.

Furen da ba a gani

Ka tambayi duk dattijon da ka ga dama ko ya taɓa ganin furen ɓaure. Zai ce maka a'a. Ya ga furen mangwaro, ya ga tutun ɗorawa, ya ga farin furen kuka yana lilo, amma ɓaure sai dai kawai a wayi gari a ga 'ya'ya. Dalili shi ne abin da muke kira ɗan ɓaure shi kansa rumbun furanni ne. Ka ɗauke shi kamar tulu mai tsukakken baki, an jera ɗaruruwan ƙananan furanni a bangonsa na ciki, kowanne yana fuskantar tsakiya. A ƙarshensa, nesa da inda ya maƙale da reshe, akwai wata 'yar ƙofa da ƙananan ɓawo suka rufe, wani a kan wani. Iska ba ta shiga ta nan da garin fure, zuma ma ba ta da hanya. To ta yaya barbara za ta auku?

A nan ne ƙwaron ɓaure yake shigowa. Dangin rina da zanzaro ne, amma ba ya harbi. Idan furannin mata da ke ciki suka isa barbara, ɗan ɓauren yakan saki wani ƙamshi, kuma kowane nau'in itace da irin haɗin ƙamshinsa. Macen ƙwaron da ke yawo a iska takan bi wannan ƙamshi har ta sauka a bakin ƙofar. An halicce ta da shafaffen kai, a ƙarƙashin muƙamuƙinta kuma akwai jerin ƙananan haƙora da take maƙalawa tana jan jiki. Matsin ƙofar yakan cire mata fukafukai, ya karya mata 'yan ƙahonnin da take shinshina da su. Mafi yawanci shigar da ta yi ke nan, babu fita.

Cikin duhu take fara aiki. Tana bin furanni ɗaya bayan ɗaya, tana zura siririn tsinken da take saka ƙwai da shi ta wuyan fure. Furannin ba tsayinsu ɗaya ba, wasu gajeren wuya gare su, wasu dogo. Galibin ƙwayayenta a masu gajeren wuya suke sauka, masu dogon wuya kuwa su ne suka fi zama iri. Ta haka itacen ya raba gidan biyu, kashi na 'ya'yansa, kashi na 'ya'yan baƙuwarsa. A nau'o'i da yawa, ciki har da na ɓauren ƙasarmu, macen tana da aljihu biyu a ƙirji cike da garin furen da ta ɗebo daga inda aka haife ta. Da ƙafafunta na gaba take zaro garin tana shafa wa furanni. Wa ya koya mata? Ba ta taɓa ganin uwarta ba, domin uwar ta mutu tun tana ƙwai. Tsarki ya tabbata ga wanda ya halitta kuma ya shiryar.

Da ta gama sai ta mutu a ciki. Makonni kaɗan 'ya'yanta suna girma, kowanne a cikin furen da ya kumbura ya zame masa ɗaki da abinci. Maza ne suke fara fitowa. Ba su da fiffike, idanunsu ma kusan babu, kuma ba za su taɓa tashi ba. Aikinsu biyu ne. Su nemo ɗakunan mata su huda su yi barbara da su tun ba su fito ba, sannan su haɗu su haƙa rami a jikin ɗan ɓauren har waje. Suna gamawa su mutu. A daidai wannan lokaci, ba kafin nan ba, furannin maza na itacen suke buɗewa da garinsu. Matan su fito, su cika aljihu, su bi ramin su kama iska. Sai bayan sun tafi ne ɗan ɓauren yake laushi, ya canza launi, ya yi zaƙi. Da ya nuna tun suna ciki, da tsuntsu ya haɗiye su gaba ɗaya. Shi ya sa yaron da ya fasa nunannen ɓaure yakan tarar da gawarwakin mazan da wasu ƙwari 'yan cin arziki, shi ya sa kuma manya kan ce in za a ci ɓaure kada a tona cikinsa. Masana kuwa tonawa suka yi, kuma sun kasu ƙungiya uku, kowacce da tambayarta.

Masu bin asali

Ƙungiya ta farko tana tambayar tun yaushe aka ƙulla wannan zama. Aikinsu zana bishiyar dangantaka, su kwatanta DNA na nau'o'i daban-daban su ga wane ne ɗan'uwan wane, kuma yaushe aka rabu. A 2012 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Astrid Cruaud ta Faransa suka yi wa kusan nau'in ɓaure 200 da ƙwarinsu wannan aiki. Da aka ajiye bishiyar dangin itatuwan kusa da ta ƙwarin, sai aka ga manyan rassan suna tafiya tare, inda itace ya rabu gida biyu, sau da yawa ƙwaronsa ma ya rabu. Sun ƙiyasta farkon zaman da kimanin shekara miliyan 75. Akwai kuma shaida daga dutse. A tsibirin Wight na Ingila an sami gawar wannan ƙwaro da ta daskare cikin dutse tun shekara miliyan 34, kuma binciken da aka buga a 2010 ya nuna tana da aljihunta, da garin furen ɓaure a ciki.

A da ana cewa kowane nau'in ɓaure ƙwaronsa ɗaya ne tak. Bincike na baya-bayan nan ya nuna wasu itatuwan suna da biyu ko fiye, wasu ƙwarin kuma sukan sauya gida. Duk da haka ƙa'idar tana nan, ƙwaron cediya ba ya yi wa ɓaure aiki. Tarihi ma ya tabbatar da haka. A shekarun 1880 manoman Kalifoniya a Amurka suka kai dashen wani ɓaure mai daraja daga Izmir ta Turkiyya. Itatuwa suka kama, suka yi kyau, amma kowace shekara 'ya'yan sai su zube tun suna ɗanye. Ba a ga amfanin gonakin ba sai bayan da aka kai musu ƙwaron daga Aljeriya a 1899. A Masar kuwa, ɓauren da muka sani yana nan tun zamanin Fir'auna, har da katakonsa aka yi akwatunan gawa, amma ƙwaronsa ba ya ƙasar. Don haka ba ya yin iri, sai dai a dasa reshe, kuma sai an tsaga wa 'ya'yan jiki da wuƙa suke saurin nuna.

A kowane zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka akan sami mai son banza. Ɓaurenmu yana da wani ƙwaro mai suna Ceratosolen galili wanda yake shiga ya zuba ƙwai amma ba ya kawo garin fure, alhali ɗan'uwansa Ceratosolen arabicus shi ke yin wahalar. Me ya hana dukkan ƙwarin su koma cin banza? Charlotte Jandér da Allen Herre sun gwada wannan a ƙasar Panama, suka buga sakamakon a 2010. Sun saka ƙwarin da ba su ɗauke da gari cikin 'ya'yan ɓaure, sai suka ga itatuwan da ake yi wa barbara da gangan sukan zubar da irin waɗannan 'ya'ya, ko su rage musu abinci har 'ya'yan ƙwaron da za su fito su ragu. Itacen da ba shi da ido ba shi da ƙwaƙwalwa, ga shi yana sakawa yana hukuntawa. Allahu Akbar.

Masu karanta kundin gado

Ƙungiya ta biyu ta shiga can cikin ƙwayar halitta. A kowace ƙwayar halitta ta ganyen ɓaure akwai ƙunshin gado 26, wato tagwaye 13, kuma a jikinsu aka rubuta yadda itacen zai kasance da haruffan sinadari huɗu kacal, ana maimaita su sau ɗaruruwan miliyoyi. A 2020 masana daga Jami'ar Noma da Gandun Daji ta Fujian a ƙasar Sin, tare da Ray Ming, suka fitar da cikakken karatun kundin nau'in ɓaure biyu da na ƙwaron ɗaya daga cikinsu. Sun bi sawun saiwoyin nan da ke saukowa daga rassa, irin waɗanda muke gani a jikin tsohuwar cediya, suka danganta su da yawan wani sinadarin girma da itacen yake tarawa. Sun kuma gano sassan gadon da ke haɗa ƙamshi a wajen itace, da waɗanda ke shinshino shi a wajen ƙwaro. Kafin nan, a 2013, an karanta kundin wani ƙwaron ɓaure na Asiya aka tarar sassan gadonsa na ɗanɗano da shinshina da karya guba sun ragu ƙwarai idan aka kwatanta da na sauran ƙwari. Wanda kusan duk rayuwarsa a ɗaki ɗaya take, kuma ƙamshi ɗaya yake nema, an ba shi daidai buƙatarsa.

Da irin wannan ilimi na DNA ne aka amsa wata tambaya da ido ba zai iya amsawa ba: ina iyakar tafiyar ƙwaron? Ba a iya ɗaura masa na'ura, ba a iya bin sa. Sai Sophia Ahmed da abokan aikinta na Jami'ar Leeds suka je kogin Ugab a hamadar Namibiya, inda itatuwan ɓaure irin namu suke jere a bakin kogi kawai, babu wasu a kewaye. Suka ɗauki DNA na itatuwan, suka ɗauki na irin da ke cikin 'ya'ya, suka yi gwajin gano uba irin wanda ake yi wa mutane. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna matsakaicin nisa tsakanin uba da uwa ya haura kilomita 88, mafi nisa kuma ya kai kilomita 160. Wato daga Kaduna zuwa Zariya da dawowa. Da dare ƙwaron yake tashi, ya hau sama, iska ta kwashe shi, in ya ji ƙamshi ya sauko. Saboda haka ɓauren da ke tsaye shi kaɗai a wani lungu na Malali ko Unguwar Dosa, ba mamaki uban irinsa yana wata ƙaramar hukuma can daban.

Masu duba zaman tare

Ƙungiya ta uku, masana muhalli, su tambayarsu ita ce su wa ke cin moriyar wannan tsari. Amsar ta faro ne daga gajeren ran ƙwaron. Tunda kwana biyu gare shi, dole a kowane mako na shekara a sami wani itace da 'ya'yansa suke jiran baƙi. Saboda haka dangin ɓaure ba su da kaka guda irin ta mangwaro ko ɗinya. Wannan itace yana nuna yau, wancan sai wata mai zuwa, na gaba sai tsakiyar rani. Abin da aka tsara domin ƙwaro sai ya zama rahama ga daji gaba ɗaya, domin lokacin da sauran itatuwa ba su da komai, ana samun wani ɓaure da ya nuna.

A 2001 Mike Shanahan da abokansa suka tattara rahotannin duniya suka ƙirga nau'in tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa 1,274 da ke cin 'ya'yan wannan gida. Ba sai an je nesa ba. Ka tsaya ƙarƙashin cediyar da ta nuna da sassafe ka ɗaga kai. Cilakowa tana tsinka da bakinta ta wurga sama ta cafe, shaya suna ta hayaniya, koriyar kurciya ta lafe cikin ganye ba ka ganin ta sai ta motsa, a ƙasa awaki suna tsintar abin da ya faɗo. Da magariba jemagu su karɓi aiki. Su ma biyan kuɗin abincin suke yi, domin ƙananan irin suna ratsa cikinsu lafiya lau. Wani bincike da aka yi a Akara ta Gana, wanda ya fito a 2016, ya nuna manyan jemagun nan masu ruwan ƙasa-ƙasa suna iya kai ƙananan iri nisan kilomita 75. Irin da ya faɗa a kan giginya ko tsagin dutse nan yake tsira, ya zuro saiwa ƙasa, wani lokaci ya rungume itacen da ya sauke shi har ya kashe shi. Ko tsibirin Krakatau na Indunusiya, wanda aman wuta ya ƙone ƙurmus a 1883, dangin ɓaure suna cikin itatuwan da tsuntsaye da jemagu suka mayar da daji da su.

Mu ma muna da namu a wannan fage. A dajin Amurum kusa da Jos, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, an yi nazarin yadda tsuntsaye suke amfani da itatuwan ɓaure, aka buga a 2015. Jagoran aikin, Barnabas Daru, wanda ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Jos, yanzu malami ne a Jami'ar Stanford ta Amurka, yana nazarin dangantakar tsirrai da yadda suka bazu a duniya. Daga gindin itatuwan da muke wucewa kullum ya somo.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai bin asali ya faɗi daɗewar alkawarin, mai karanta kundi ya nuna inda aka rubuta shi, masanin muhalli ya ƙirga masu ci daga gare shi. Sai an haɗa ukun ake ganin cikar hikimar, kuma duk zurfin da suka yi, tsari suke tararwa a ƙarƙashin tsari.

Abin da ya rage gare mu

Wannan tsari yana da inda yake da rauni. Wani lissafi da aka yi a 1990 kan wani nau'in ɓaure a ƙasar Gabon ya nuna ana buƙatar manyan itatuwa kusan 100 kafin ƙwarinsu su samu wurin sauka ba yankewa na 'yan shekaru. A Singafo kuma, gwajin 2013 ya nuna ƙarin zafi na digiri 3 yana gajarta ran ƙwarin sosai, ran da dama kwana biyu ne. Idan itatuwa suka yi nisa da juna, zafi kuma ya ƙaru, macen za ta mutu a hanya da garinta a aljihu.

Kaduna tana ta faɗaɗa ta Kawo da Mando har Rigachikun, kuma tsofaffin itatuwa ne suke fara biyan kuɗin. Wani ya ce saiwar cediya tana fasa masa katanga, wani ya ce jemagu sun dame shi da kashi, wani ya ce matattarar iskoki ce, mai gawayi kuma yana gefe da gatarinsa. Idan aka tashi shuka, sai a ɗauko dogon yaro da turare da malaina. Suna da amfaninsu, amma baƙi ne, ba za su ciyar da abin da ɓaure yake ciyarwa a tsakiyar rani ba.

Kira na farko ga ɗalibanmu na Jami'ar Jihar Kaduna, da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Mai neman abin da zai yi bincike a kai, ga shi nan a ƙofar gida. A ƙirga gamji da ɓaure da durumi da cediyar da suka rage unguwa-unguwa, a rubuta watan da kowanne yake nuna, a ɗaure 'ya'yan cikin ƙyalle mai laushi a tara ƙwarin da suka fito a tantance su. Farkon aikin littafin rubutu da madubin ƙara girma da haƙuri kawai yake buƙata.

Kira na biyu gare mu duka. Cediya da durumi suna kamawa daga reshe, yadda kakanninmu suka dasa su a ƙofar fada da bakin kasuwa. Da faɗuwar damina a sari rassa daga itatuwa daban-daban, a kafa a filin makaranta da harabar masallaci da maƙabarta, nesa da gini. Wanda kuma Allah ya bar masa tsohon gamji ko ɓaure a filinsa, ya rage rassa in sun dame shi, amma kada ya kayar. Shuka itacen da mutum da tsuntsu da dabba za su ci sadaka ce, kamar yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karantar da mu. Allah ya ba mu ikon lura da ayoyinsa, ya sa mu riƙe amanar abin da ya damƙa mana.